Ɗakin da Ba Ya Cikin Zane

Tun ranar da aka fitar da gawar Nagode daga ɗakin hayarta a Talata Mafara, Inna Gimbiya ta daina sakin jiki da duk wani ɗakin da ake biya wa kuɗin wata. Nagode ƙawarta ce tun suna 'yan mata a Gidan Goga, kuma mota ɗaya ta kwaso su a daminar da ɓarayin daji suka tashi unguwarsu. Ba mutuwar ce ta girgiza tsohuwar ba, don mai shekarunta ya riga ya saba da jin an ce wance ta riga mu gidan gaskiya. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, ko sadakar bakwai ba a yi ba mai gidan ya aiko a ba shi makullinsa, wai ya samu wani ɗan haya. Haka aka kwashe tabarmin zaman makoki aka mayar gindin darbejiya a bakin titi. Masu zuwa gaisuwa daga nesa suna tambayar ina ne gidan rasuwar, ana nuna musu bakin kwalta.

Da yammacin ranar ta kira ɗanta Ɗayyabu. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba, Malam take ce masa tun kafin ya zama malamin. Yana koyarwa a firamaren Damri, can ƙasar Bakura, sai ƙarshen mako yake zuwa Mafara wurin iyalinsa, inda ya kama musu ɗaki biyu a wani gidan haya mai kama da tasha.

Ta ce, "Malam, ni roƙona guda na. In Allah ya yi mini cikawa, kada a hidda ni daga ɗakin wani. Ko bukka ta, in dai tawa ta."

Ya ce, "Inna, Allah shi ba ki yawan rai, ki bar irin wagga magana."

"Yawan rai dai an samu. Ɗaki nika biɗa."

Ya san gaskiyarta. Tun zuwansu Mafara ƙunshin kayanta yake ɗaure a kusurwar ɗaki. In tana son zane sai ta kwance ta zaro, ta sake ƙullewa tam, kamar mai jiran mota. Matarsa Mufida ta sha yi mata tayin akwati, takan ce a bari, ai zanen aro ba ya rufe katara.

Ɗayyabu yana da fili a gefen Damri, wanda ya saya da kuɗin bijimin ƙarshe da mahaifinsa ya bari. Filin ba laifi, har da wata katuwar tsamiya a tsakiyarsa. Amma fili ba gida ba ne, albashin malamin firamare kuwa kowa ya san iyakar tsallensa. Shekara da shekaru yana ganin ana yankar wani abu a albashin nan da sunan asusun gidaje, yana ɗaukarsa kamar gugan da ya faɗa rijiya. Sai da wani abokin aikinsa ya gina ɗaki biyu da falo ta wannan hanya sannan ya yarda ashe ana iya fiddo gugan. Ya shirya ya tafi wani banki a Mafara, irin wanda ba ya cin kuɗin ruwa, ribarsa a fili yake faɗa tun farko.

Ma'aikacin da ya karɓe shi wani saurayi ne mai suna Lukman, mai yawan murmushi da son misali. Ya zaunar da shi ya warware masa zare da abawa. Ya ce lamarin ƙofa biyu ne. Ta farko tasu ce ta banki: za su duba albashinsa, da shekarun da suka rage masa a aiki, da mutanen da za su tsaya masa, su ga ko wuyansa zai ɗauki kayan. In sun gamsu sai su ba shi takardar amincewa, ita ma tana da wa'adi, ba ta har abada ba ce. Ta biyu ta gwamnati ce, tunda kuɗin daga asusunta za su fito. Ita sai ta tabbatar filin nasa ne, an auna an kafa duwatsun iyaka, an zana gidan da za a gina an amince da zanen, sannan ta turo injiniya ya gani da idonsa cewa abin da ke takarda shi ne a ƙasa. Ko bayan haka ba dunƙule kuɗin za a yi a danƙa masa ba. Za a sakar masa na harsashi, in an zo an gani a saki na linta, in an gani a saki na rufi.

Lukman ya ce, "Malam, ka ɗauke shi kamar neman aure. In mun ce mun yarda, yarinya ce ta ce tana so. Saura iyaye. Kada ka taɓa filin nan, ko bulo guda kada ka aza, sai injiniya ya zo ya tafi."

Ɗayyabu ya yi dariya ya ce ya gane. Kuma ya gane ɗin, wannan kam ba za a zalunce shi ba.

Aka shiga zirga-zirga. Yau hoto, gobe takardar shaidar aiki, jibi sa hannun mai unguwa da na hakimi. Masu awo suka zo suka kafa duwatsun siminti a kusurwoyin filin. Wani mai zanen gine-gine ya zana masa ɗaki uku da falo a tsakiyar filin, daidai inda tsamiyar take, ya ce sai an sare ta. Ɗayyabu ya ji ba daɗi, amma ya ce to, tunda shi ba injiniya ba ne. Har ƙafafunsa suka san hanyar Gusau ba sai ya gaya musu ba.

Ana cikin rani takardar banki ta fito. Ranar daga bankin bai tsaya ko gaisawa da mai shayin bakin layinsu ba, ya faɗa gida ya tarar da Inna tana tsince shinkafa a faifai. Ya durƙusa ya ce, "Inna, banki ya amince."

Ta ajiye faifan. Fuskar nan da ya manta rabon da ya ga ta sake ta washe gaba ɗaya, ta ɗaga hannu tana hamdala, hawaye na bin kumatunta. A nan ne ya kamata ya ce amma fa saura gwamnati. Maganar ta zo masa har baki, ya dubi fuskar tsohuwar, ya haɗiye ta. Ya ce a ransa ai 'yan makonni ne, me zai sa ya zuba mata ruwan sanyi a kan farin cikinta? Mutum ne da yake tsayawa gaban allo yana gaya wa yara cewa rabin amsa ba amsa ba ce, sai ga shi ya kawo wa uwarsa rabin labari. Ko Mufida bai zauna ya yi wa bayanin ƙofa ta biyun ba.

Hutun makaranta ya zo, aka tura malamai bita Gusau, ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama, zai riƙa leƙa ofishin filaye yana bin takardunsa. Yana bada baya Inna ta aika a kira mata ƙanenta, Kawu Tijjani.

Kawu Tijjani shi ne babba a cikin mutanen Gidan Goga da suka yi sansani a Damri suna noman aro da ƙwadago a fadama. Dogon mutum ne mai ƙarar murya, wanda bai iya jin abu ya kwana bai taɓa shi ba. A wurinsa lissafin a bayyane yake: mai kuɗi ya ce ya yarda, to wa ya rage? Ya kuma san ginin bulo ba ya ƙarewa yau ko gobe, ga damina tana tafe, ga yayarsa tana tsufa a ɗakin haya. A Gidan Goga kuwa in tsohuwa tana bukatar ɗaki ba a jiran kowa, gayya ake kira. Don haka ya kira gayya, ya kuma ja kunnen kowa kada a gaya wa Malam, so yake ya dawo ya ga abin mamaki.

Ranar da bita ta ƙare Ɗayyabu yana tashar Gusau wayarsa ta yi ƙara. Bayan doguwar gaisuwa, an tambayi gajiya da iyali da aiki da zafi, Kawu ya ce, "In ka taso kada ka sauka Mahwara. Wuto Damri kai tsaye, ka iske mu hilinka."

"Lahiya dai, Kawu?"

"Lahiya lau. Kai dai taho."

Bai yarda da lafiyar ba, don a wannan ƙasa an daɗe ana cewa lafiya lau kafin a faɗi mugun labari. Haka ya kama hanya. Da ɗan acaɓa ya sauke shi a bakin filin sai ya tsaya riƙe da jakarsa, ya kasa gaba ya kasa baya.

Ɗaki ne a tsaye a gindin tsamiya. Ɗakin ƙasa, ginin tubali, an yi masa yaɓe sumul, an rufa shi da tsohon kwano, an juya ƙofarsa yamma don kada ruwan gabas ya riƙa feshi ciki. An kewaye shi da zana, an yi ɗan makewayi a baya, har an kafa murhu. Ƙyauren ɗakin kuwa ko a mafarki Ɗayyabu ya gan shi zai gane shi. Na ɗakin Inna ne na Gidan Goga, ga baƙin tabon wuta nan a gefensa na ƙasa. Ashe Kawu da kansa ya saci jiki ya bi motar 'yan kasuwa ya je kangon gidansu ya ciro shi. A bakin ƙofar Inna ce zaune a kan tabarma tana kaɗa kuka a tukunya, kamar wadda ta shekara goma a wurin.

Mutane suka taso masa da sowa. Wannan ya ce shi ya kwaɓa ƙasa, wancan ya ce jakinsa ne ya yi jigilar ruwa. Mufida, wadda ta kwaso yara ta zo ta yi wa 'yan gayya tuwo, tana gefe tana dariya. Kawu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Hannu guda ba ya ɗaukar jinka, Malam. Kai ka yi naka na takarda, mu mun yi namu na laka. In kuɗɗin sun hito ka gina naka na zamani, ita dai ta samu inda za ta sa haƙarƙarinta."

Ɗayyabu ya yi godiya, ya yi godiya, har kowa ya ɗauka daɗi ne ya yi masa yawa. Daɗin yana ciki, amma tsoro ya fi shi yawa, don kalmar Lukman ce take yi masa amsa-kuwwa a kunne: ko bulo guda. Mutanensa sun riga malam masallaci, kuma shi ya ba su hanya. Ya leƙa cikin ɗakin. Ƙunshin nan da ya shekara uku a ɗaure an kwance shi. Zannuwan suna rataye a igiya, tasoshinta suna jere a bango, carbinta yana maƙale a ƙusa. Ya fito ya zauna ya ci tuwon da aka zubo masa, bai ji ɗanɗanonsa ba.

Ba a daɗe ba injiniyar gwamnati ta zo. Mace ce, Injiniya Kausar, ba ta da yawan magana, ga hular kwano a kan hijabinta. Ta gaida Inna har ƙasa, ta sha ruwan da aka kawo mata, sannan ta zaga ta duba duwatsun iyaka ɗaya bayan ɗaya. Ta buɗe zanen gidan ta duba, ta dubi ɗakin, ta sake duban zanen. Sai ta ja Ɗayyabu gefe.

Ta ce, "Malam, takardarka ta ce fili ne babu gini. Zanen da aka amince da shi kuma ya aza falonka daidai inda ɗakin nan yake. Ni aikina in sa hannu cewa abin da na gani shi ne abin da aka rubuta. Ka ga kuwa ba shi ba ne."

Ya ba ta labarin gayyar tun daga farko. Ta saurara, har ta ɗan murmusa da ya zo wurin ƙyauren, amma murmushi ba ya sa hannu a takarda. Ta ce hanya biyu ce. Ko a rushe ɗakin a share wurin, ta dawo ta gani ta sa hannu, kuɗin harsashi su fito kafin ruwa ya sauka. Ko kuma a sake sabon zane wanda zai nuna ɗakin a inda yake, a matsar da gidan gefe, takardu su koma layi daga farko. In aka bi ta biyun, wa'adin takardar banki zai cika kafin a gama, sai bankin ya sake duba shi kamar bai taɓa ganinsa ba.

Ta ƙara da cewa, "Kuma in gaya maka gaskiya, ko an zana shi, ɗakin ƙasa ba ya cikin abin da ake yi wa ƙima. A wurin banki kamar babu shi ne. Za a zana shi ne kawai don a san yana nan."

Ya ce zai yi shawara. Ta ce kada shawarar ta yi tsawo.

Da ya gaya wa Mufida sai ta ce, "Malam, da ka hwaɗa mini tun hwarko, da ni da kaina zan hana Kawu. Ni da nib bi su da tuwo ina murna!" Ba faɗa take yi ba, takaici ne. Ta tuna masa yara biyar a ɗaki biyu, da mai gidan haya da ya fara maganar ƙari, da siminti da kullum yake hawa kamar an sa masa tsani. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, shi ya sa ya fi ciwo. Ta ce in an rushe, Inna ta koma Mafara na 'yan watanni, in Allah ya so kafin kaka ta shiga ɗakin siminti mai silin. Ɗayyabu ya ce haka ne. A ransa kuwa yana auna watannin da shekarun Inna, da tarin da yake tashinta da asuba.

Ya yi kwanaki yana juya maganar, gaba kura baya sayaki. Ya rushe ginin gayya, da wane ido zai dubi Kawu da mutanen da suka bar ƙwadagonsu suka taka laka saboda uwarsa? Ya bari, ya jefa 'ya'yansa cikin wata shekarar haya, kuma babu tabbacin banki zai sake cewa i. A ƙarshe lissafi ya rinjaye shi, don malami ne, ya saba bin abin da lissafi ya bayar. Wata safiya ya nufi filin da niyyar ya lallashi Inna ta koma Mafara, in ya so daga baya ya san yadda zai yi da Kawu.

Ya yi sallama ya shiga. Igiyar zannuwan babu komai a kanta. Inna tana zaune a ƙasa ta shimfiɗa tsohon zanen nan, tana jera kayanta a ciki ɗaya bayan ɗaya. Ta amsa gaisuwarsa ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Na ji abin da yarinyar nan mai hular ƙarhe tac ce. Kunnena bai mutu ba tukuna. In rushewa za a yi, a rushe, gidan ɗiyanka ya hi ɗakina. Abu guda nika roƙo, ka bari sai na hau mota. Wancan na ga an ƙone shi da idona, ba ni son in ga wanga."

Ta kama bakin zanen biyu za ta ƙulla. Ƙullin ya ƙi kamuwa, ta sake gwadawa. Ɗayyabu ya kawar da kai don kada ta ga idonsa, sai ya tsinci kansa yana kallon bango. Yaɓen hannu ne, duk shatin yatsun mutane ya fito a jikinsa, wani babba wani ƙarami, har da na yaran da aka bari suka taɓa don albarka. Tausayin uwarsa ya kama shi, da kunyar kansa, shi da ya shigo da jawabin lallashi a baki. Ya durƙusa ya karɓi bakin zanen daga hannunta ya warware.

Ya ce, "Inna, mayar da kayanki igiya. Ba inda za ki."

"Malam, kada ka yi abin da za ka yi da-na-sani."

"Na riga na yi shi tun ranar da nib ba ki rabin labari. Wanga gyara na."

Washegari ya koma wurin mai zane. Mutumin ya yi ta mita, ya ce a rayuwarsa bai taɓa matsar da gidan bulo saboda ɗakin laka ba. Amma ya zana. Ya tura gidan kudu, ya bar tsamiya a inda Allah ya dasa ta, ya yi wani ɗan akwati a gindinta ya rubuta cewa gini ne da ke nan. Takardu suka koma Gusau suka bi layi. Wa'adin banki ya cika kamar yadda aka faɗa. Lukman ya riƙe baki da ya ji labarin, ya ce shi dai ya yi gargaɗi a kan bulo, bai san sai ya haɗa da tubali ba. Ya sake buɗe masa sabon fayil, aka sake neman masu tsaya masa, aka sake hoto. Kawu Tijjani da ya gane ɓarnar da alherinsa ya jawo, ya zo har makaranta ya cire hula zai ba da haƙuri, Ɗayyabu ya riga shi durƙusawa ya ce laifin nasa ne. Mufida ta yi fushinta na 'yan kwanaki ta huce, ta turo babbar 'yarsu ta zauna da kakarta.

Damina ta sauka ta samu Inna a ɗakinta. Ta shuka kuɓewa da rama a bayan zana, ta samu kaji biyu, ta koma yi wa maƙwabta faɗa a kan awakinsu kamar yadda take yi a Gidan Goga. Matan garinsu suka mayar da gindin tsamiya wurin hira. Duk ranar kasuwar Damri sai an ga baƙo ya ratso ya gaishe ta, tana yi masa kwatance tun kafin ya tambaya: in ka dawo ka ce a nuna maka gidan Gimbiya. Har ƙiba ta yi.

Sai bayan an gama girbi amincewar ta fito, ta banki da ta gwamnati duka. Injiniya Kausar ta dawo, ta duba zane ta dubi ƙasa, wannan karon suka yi daidai, ta sa hannu. Amma siminti bai jira kowa ba. Kuɗin da kafin damina za su yi ɗaki uku da falo, yanzu da ƙyar za su kai biyu. Ɗayyabu ya ji zafin abin ƙwarai, don ɗakin da ya tafi shi ne wanda ya yi wa 'yan matansa alkawari. Ya haɗiye, aka haƙa harsashi. Inna takan jawo tabarmarta ta zauna tana kallon magina, tana ce musu bulon nan nasu ramuka ne a ciki, in zafi ya zo za su gane kurensu.

Gini ya kai linta, ana jiran a zo a gani a saki kuɗin rufi, sai tarin nan ya kwantar da ita. Aka kai ta asibitin Bakura, ta kwana biyu ta ce ita a mayar da ita gida. Da ta ce gida babu wanda ya tambaye ta wanne. Wata ranar Alhamis da hantsi, Mufida tana riƙe da hannunta, Ɗayyabu yana karanta mata abin da ya sawwaƙa, ta cika.

Mutanen da suka taka lakar ɗakin su suka ɗauki makararta, suka fito da ita ta ƙyauren nan mai tabon wuta. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya, gefe ga sabon gini tsaye babu rufi. Aka yi uku, aka yi bakwai, tabarmin suna nan inda aka shimfiɗa su, babu wanda ya aiko neman makulli.

Ranar bakwai ɗin wata tsohuwa ta iso daga Dosara, 'yar uwar marigayiya Nagode ce, sai a lokacin labari ya kai mata. Ta durƙusa gaban Ɗayyabu ta yi gaisuwa mai tsawo, ta yi addu'a, sannan ta share ido ta ce, "Ashe Gimbiya lokaci ya yi. Ina tac cika, Malam? Asibiti, ko can gidan hayar Mahwara?"

Ɗayyabu ya juya ya dubi ɗakin ƙasar. Zannuwanta suna nan rataye a igiya, ana hango su ta ƙofa.

Ya ce, "A'a. Ɗakinta."